Takardun Mota Sun Cika, Ina Na Direba?

Mai karatu, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kuma na ga ya dace in kawo ta wannan fili domin mu tattauna, musamman da yake ta shafi rayukanmu baki ɗaya, da masu mota da marasa ita. Tambayar ita ce: me ya sa attajirin da ya zuba miliyoyin naira ya sayi tirela ko tankar mai yake adana kowace takarda ta motar nan kamar ƙwai, amma idan ka tambaye shi takarda ɗaya tak game da mutumin da ya damƙa wa makullinta, sai ya yi shiru yana kallonka?

Ba a littafi na karanto wannan tambaya ba, a cikin gidanmu na gamu da ita. Ina da wani yaya, ɗan wan mahaifina, wanda Allah Ya hore wa tireloli huɗu da ke dakon hatsi daga kasuwar Dawanau zuwa kudancin ƙasar nan. Wata asubahi aka bugo masa waya cewa ɗaya daga cikin motocinsa ta saki hanya a tsakanin Mokwa da Jebba, ta bi ta kan wani ɗan acaɓa da ya tsaya a gefen titi, sannan ta kife. Ɗan acaɓan nan ko shurawa bai yi ba, yaron motar ya rasa ƙafa ɗaya, shi kuwa direban ya tsira da karaya a hannu. Ni na raka yayan nawa wurin. Kafin mu tashi sai da ya buɗe akwatinsa na ƙarfe ya ɗauko jakar takardun motar, kuma wallahi babu abin da babu a ciki: takardar mallaka, takardar kwastan, inshora, shaidar lafiyar mota, har da rasit na tayoyin da ya saya watanni uku da suka wuce. Da muka isa ofishin 'yan sanda, jami'in da ke riƙe da maganar ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye, sannan ya ce a kawo lasin direba. Da aka lalubo shi a aljihun rigar direban, sai ga shi wa'adinsa ya ƙare fiye da shekara guda.

Wannan ma ƙaramin abu ne a kan abin da muka ji a asibiti. Likitan da ya duba direban ya gano yana ta rufe masa idanu biyu, ɗaya ma ta yi nisa sosai. Da muka keɓe, bawan Allahn nan ya fashe da kuka ya gaya mana gaskiya, cewa ya kusa shekara ba ya gani sosai da dare, fitilar duk motar da ta tunkaro shi takan dallare masa ido har hanya ta ɓace masa, don haka ya koma bin jar fitilar bayan motar da ke gabansa, wani lokacin kuma ya miƙa wa yaronsa sitiyari. Ya ce ya ɓoye ne domin yana da mata biyu da 'ya'ya tara, kuma ya san ranar da maganar ta fito ranar zai ajiye makulli. A kan hanyarmu ta komowa yayana ya dube ni ya ce, "Malam, shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana tare da ni, ko lita ɗaya ta man gas bai taɓa cin amanata ba. Na yarda da shi fiye da ɗan cikina." Na ce masa, "Yaya, gaskiya ka faɗa. Amma ka yarda da halinsa ne, ba ka taɓa bincikar idonsa ba."

A nan gizo yake saƙar. Mu a wajenmu, da zarar an ce direba nagari ne, abin da ake nufi shi ne ba ya sata, ba ya sayar da mai, ba ya ɗaukar kayan da ba a sa shi ba, yana kawo lissafi daidai. Waɗannan kyawawan halaye ne, babu mai musu. Sai dai hali daban, cancanta daban. Hali kan zauna da mutum har tsufansa, ita kuwa cancantar tuƙa babbar mota abu ce mai wa'adi, tana da ranar farawa, tana kuma da ranar ƙarewa. Mutumin da ya cancanta a bana yana iya rasa cancantar baɗi ba tare da ya aikata laifin komai ba, ba kuma tare da shi kansa ya ankara da wuri ba. Abin da nake son in tabbatar a wannan rubutu shi ne, ajiye cikakken bayanin direba a rubuce, da kuma sabunta shi a kan kari, ba ƙaƙale ba ne irin na 'yan boko, wani ɓangare ne na amanar da ke wuyan duk wanda ya saki mota mai nauyin tan talatin ko arba'in a kan hanyar da jama'a ke bi.

Bari mu dubi girman abin da ake magana a kai. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma shekaru da dama shi ne ke kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Da harkar jirgin ta durƙushe, sai nauyin ya koma kan titi. Haka kuma da bututun da ke kai mai zuwa manyan rumbunan ajiya na arewa suka daina aiki yadda ya kamata, sai ya zamana tankoki ne ke ɗauko mai tun daga Legas da sauran garuruwan gaɓar teku, su yi tafiyar kilomita dubu ko fiye kafin su sauke. Shanun Potiskum da na Maigatari, albasar Sakkwato da Kebbi, tumatirin Kano da Kaduna, siminti, taki, shinkafa, duk a bayan manyan motoci suke yawo. Duk wanda ya taɓa wucewa ta Tafa ko Mararrabar Jos da dare ya ga yadda motocin nan ke jeruwa kamar ba za su ƙare ba. Kowace ɗaya daga cikinsu akwai mutum guda da ke riƙe da ita, kuma lafiyar idonsa, da bugun zuciyarsa, da yawan barcin da ya samu jiya, su ne katangar da ke tsakaninmu da makabarta, bayan kiyayewar Allah.

Ga ɗan lissafi mai sauƙi. Ƙa'idar hanya ta ƙasar nan ta iyakance gudun tirela da tanka a kan babban titi mai tagwayen hanyoyi zuwa kilomita 60 a awa guda. Motar da ke wannan gudu tana cin kusan mita 17 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ke nan idan gyangyaɗi ya ɗauki direba na daƙiƙa uku kacal, motar ta yi tafiyar mita 50 babu mai tuƙa ta, wato kusan rabin filin ƙwallo. Wannan fa idan yana bin ƙa'ida ke nan, kuma kowa ya san irin gudun da ake yi a zahiri. Idan tanka ce mai ɗauke da lita 45,000 na fetur, nauyin man kaɗai ya haura tan 30, ga shi kuma ruwa ne, yana tangaɗi a cikin tanki, yana tura motar gaba idan an taka birki, yana jan ta gefe idan an sha kwana. Tuƙa irin wannan mota ilimi ne na musamman, ba kowane mai riƙe da lasin ba ne ya san shi, shi ya sa ma aka kasa lasin tuƙi gida-gida, aka ware rukunin G domin motoci masu jan tirela. Masu motoci nawa ne suka taɓa juya lasin direbansu suka duba harafin da ke jiki?

Mun ga abin da ke faruwa idan tanka ta faɗi. A daren 15 ga Oktoba, 2024, a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, wata tankar mai ta kife, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, aka rasa rayuka fiye da 150. Watanni uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka sake ganin makamancin wannan a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja, inda mutane fiye da 80 suka halaka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba na kawo waɗannan misalai ne domin in ɗora wa direbobin motocin laifi ba. Abin da nake nuni da shi shi ne, bayan kowane irin wannan bala'i, muhawararmu takan tsaya ne a kan talaucin da ke sa mutane kwasar mai, da lalacewar hanya, da girman tanki, har ma hukumar da ke kula da harkar rarraba mai ta hana lodin tankoki masu cin lita 60,000 daga farkon watan Maris na 2025. Duk waɗannan batutuwa ne na gaskiya. Amma da wuya ka ji an tambaya a bainar jama'a: wane ne ke tuƙin, yaushe aka duba lafiyarsa, awa nawa ya yi a kan sitiyari kafin abin ya faru, kuma wa ke riƙe da waɗannan bayanai? Mun iya bincikar ƙarfe, mun kasa bincikar mutum.

Jikin ɗan Adam kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Ko da an duba lafiyar mutum ranar da ya karɓi lasin, lasin ɗin nan na shekara uku ne ko biyar, kuma abubuwa da yawa na iya faruwa a tsakani. Yanar ido takan zo ne a hankali, kuma alamarta ta farko ga direba ita ce wahalar gani da dare da kuma dallarewar fitila. Akwai ciwon hawan jinin ido da likitoci ke kira gilakoma, wanda ya fi yana haɗari, domin ba ya ciwo, yana fara cinye ganin gefe ne, ta yadda mutum zai riƙa ganin abin da ke gabansa tar, amma ba ya ganin yaron da ya ɓullo daga gefen titi. Hawan jini kan zauna a jikin mutum shekaru bai sani ba, sai ranar da ya shanye masa ɓarin jiki, kuma ba ya zaɓen ko a gado yake ko a kan gadar Jebba. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba yana iya jin jiri ko ya suma. Ga kuma masu yawan minshari waɗanda numfashinsu ke yankewa cikin barci, su kwana a kwance amma su tashi kamar ba su runtsa ba. A kan waɗannan duka sai ka ɗora ƙwayoyin hana barci da na ƙara kuzari irin su taramadol, waɗanda ba boyayyen abu ba ne cewa ana sayar da su a wuraren da manyan motoci ke yada zango. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ganewa ta hanyar gaisuwa da tambayar iyali. Sai an gwada, sai an rubuta, sai an sake gwadawa.

Wani zai ce ai ba mu da doka a kan haka. Muna da ita. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a 1988, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma aka sake mata doka a 2007. A wannan shekara ta 2007 ne hukumar ta ƙaddamar da shirin nan da ake kira RTSSS, wanda ya wajabta wa duk mai motocin sufuri biyar ko fiye ya yi rajista, ya naɗa jami'in da zai kula da sha'anin kiyaye haɗari, ya kuma ajiye bayanan direbobinsa da na motocinsa da na haɗurran da suka yi. A 2011 aka fito da sabon lasin mai ɗauke da hoto da zanen yatsu da aka adana a kwamfuta, daga baya kuma aka haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa. A 2017 aka fara tilasta sanya na'urar ƙayyade gudu a motocin haya. Saboda haka a takarda ba mu da talaucin doka. Matsalar guda biyu ce. Ta farko, shirin ya fara ne daga mota biyar, alhali da yawa daga cikin masu manyan motoci a garuruwanmu mota ɗaya ce da su, ko biyu, ko huɗu kamar yayana, don haka sun faɗo a wajen ragar. Ta biyu, ko a wurin waɗanda dokar ta hau kansu, sau da yawa fayil ɗin direba abu ne da ake haɗawa a gurguje idan an ji masu bincike na tafe, a cika shi da kwafin takardun da babu wanda ya tantance, sannan a mayar da shi cikin durowa ƙura ta ci gaba da aikinta. Fayil ɗin da ba a sabunta shi ya fi rashin fayil haɗari, domin yana sa mai mota ya yi barci da minshari a kan bayanin da ya riga ya mutu.

Yana da kyau mu leƙa mu ga yadda wasu suka yi da wannan matsala, ba don komai nasu ya fi namu ba, sai don sun riga mu faɗawa ramin. A Amurka, kafin 1986, direban babbar mota na iya mallakar lasin na jihohi da dama a lokaci guda, idan aka kama shi da laifi a wannan jiha ya miƙa wannan, a waccan ya miƙa wancan, ta yadda babu inda laifuffukansa za su taru har a ƙwace masa lasin. A shekarar ce majalisarsu ta yi dokar da ta ce direba ɗaya, lasin ɗaya, kundin tarihi ɗaya. A yau dokar tarayyarsu ta wajabta wa duk kamfanin da ke dakon kaya tsakanin jihohi ya buɗe wa kowane direba fayil na cancanta. A ciki akwai takardar neman aikin da ya cike da hannunsa, da bayanin tarihin tuƙinsa na shekara uku da aka karɓo daga hukumar da ta ba shi lasin, da amsar da tsofaffin iyayen gidansa suka bayar game da haɗurran da ya yi a wurinsu, da shaidar gwajin tuƙi, da shaidar likita. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wa'adi. Shaidar likita ba ta wuce wata 24, kuma likita na iya rage ta zuwa shekara ɗaya ko ƙasa da haka idan mutum na da hawan jini ko wani ciwon da ke bukatar sa ido. Tarihin tuƙi kuwa dole kamfani ya sake karɓo shi ya duba aƙalla sau ɗaya a kowane wata 12. Ko bayan direba ya bar aiki, sai an ci gaba da ajiye fayil ɗinsa har shekara uku. Tun daga Janairun 2020 kuma suka buɗe rumbun bayanai na ƙasa baki ɗaya, inda ake shigar da sunan duk direban da gwaji ya nuna ya sha ƙwaya ko barasa, ta yadda ba zai bar wannan kamfani ya lallaɓa wancan ba a sani ba. Hatta awannin tuƙi an ƙayyade: awa 11 bayan hutun awa 10, kuma tun ƙarshen 2017 na'ura ce ke rubutawa, ba biro ba. Wannan bai hana su yin haɗari ba, kuma su ma akwai masu maguɗi a cikinsu. Amma idan abu ya faru, akwai wanda za a kama a ce ya buɗe fayil, kuma sanin hakan kaɗai na sa mai mota ya yi tunani sau biyu kafin ya miƙa makulli.

Na san abin da 'yan uwana masu motoci za su ce, domin na sha jin sa. Na farko za su ce mu tsarinmu na amana ne, yaro kan fara ne a matsayin karen mota, ya yi shekaru yana wanke mota, yana sa waigi, yana kwance taya, maigidansa na koya masa har ya yaye shi, don haka an san shi, an san wanda ya koya masa. Ni ban raina wannan tsari ba, hasali ma ina ganin yaron da ya yi shekara bakwai a gefen gogaggen direba ya fi wanda ya yi wata guda a makarantar koyon tuƙi sanin hanya. Amma wannan ilimi a ƙwaƙwalwar mutane yake zaune, ranar da maigidan ya rasu ko yaron ya koma wani gari, shaidar ta tafi. Me zai hana a rubuta cewa wane ya koya a hannun wane, daga shekara kaza zuwa kaza, a kan mota iri kaza? Rubutu ba ya rushe amana, ƙarfafa ta yake yi. Mu da muka tashi muka tarar cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani Mai Girma a kan rubuta bashi take magana, bai kamata a ce mu ne ke ɗaukar rubutu a matsayin alamar rashin yarda ba. Idan an umarce mu da rubuta kuɗi, ina ga abin da ya shafi rai?

Na biyu za su ce tsada. To, a zo a yi lissafi. Kuɗin gwajin ido da awon jini da na suga sau ɗaya a shekara bai kai kuɗin taya ɗaya ba, kuma tirela na da tayoyi fiye da goma. Yayana kuwa, da ya tashi biya, ya biya diyyar rai, ya biya kuɗin asibitin mutum biyu, ya yi asarar buhunan masara da aka wawashe, motar ta yi watanni a ofishin 'yan sanda, kamfanin inshora kuma ya samu hujjar zamewa da yake direban ba shi da lasin mai rai. Daga ƙarshe sai da ya sayar da mota ɗaya ya toshe ramin da ɗaya ta haƙa. Aikin cire yanar ido kuwa, wanda ake yi cikin ƙasa da awa guda a asibitocin ido da ke Kano da Kaduna, da ya mayar wa direban nan ganinsa, ya ci gaba da ciyar da 'ya'yansa tara. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Na uku, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, za su ce a ƙasar da ake iya sayen kowace takarda, me fayil zai amfana? Gaskiya ne akwai lasin na jabu, akwai kuma shaidar lafiya da ake bugawa hatimi ba tare da an ga mai ita ba. Amma wannan hujja ce ta a tantance, ba ta a watsar ba. Ana iya duba sahihancin lambar lasin a shafin intanet na hukumar, kuma babu gidan da ba a rasa yaron da ya iya latsa waya. Maganar lafiya kuwa, mai mota shi ya kamata ya zaɓi asibitin, ya biya da kansa, ya karɓi sakamakon da hannunsa. Mutumin da ba ya yarda a saya masa injin mota sai ya tura bakanikensa ya gani da ido, bai kamata ya karɓi takardar lafiyar direba daga hannun ɗan kamasho ba.

Saboda haka shawarata ga duk mai babbar mota, ko da guda ɗaya ce, ita ce ya sayi fayil na kwali ko littafi mai bango, ya ware wa kowane direba shafinsa, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi masa sauƙi. A rubuta cikakken sunansa da hotonsa da na wanda ya tsaya masa. A ajiye kwafin lasin, a rubuta rukuninsa da ranar ƙarewarsa da manyan baƙaƙe a bangon fayil. A rubuta inda ya koyi tuƙi da wuraren da ya yi aiki, a kuma buga waya a tambaya. A ajiye sakamakon gwajin ido da jini da suga, a sabunta shi kowace shekara, ga wanda ya haura shekara hamsin ko mai wani ciwo kuwa a matso da shi kusa. A rubuta kowane haɗari komai ƙanƙantarsa, da kowane kamu. A rubuta ranar tashi da ranar isa ta kowace tafiya, domin idan mota ta je Legas ta dawo cikin kwanakin da hankali ba zai ɗauka ba, to direban bai yi barci ba, kuma wannan ba abin yabo ba ne. Sannan a rubuta sunan yaron mota, a fayyace ko an yarda ya taɓa sitiyari ko ba a yarda ba. A ƙarshe a sa rana ɗaya a shekara, misali bayan ƙaramar salla, a zauna a bi fayil ɗin nan shafi-shafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai akwai sharaɗi guda wanda idan babu shi duk wannan zai zama aikin banza, wato kada fayil ya zama wuƙar yanka direba. Direban yayana ya ɓoye ciwonsa ne saboda tsoron yunwa, kuma duk direban da ya san cewa sakamakon gwaji na nufin kora, zai nemi hanyar kauce wa gwajin. Dole mai mota ya yi alkawari tun farko cewa wanda aka samu da ciwon da ke warkewa za a yi masa magani ya koma bakin aikinsa, wanda kuwa tuƙi ya ƙare masa za a nema masa wani abin yi, ko kula da lodi, ko koyar da yara. Kuma bayanin lafiyar mutum sirrinsa ne, ba abin hira ba ne a tasha. Su ma direbobi ya kamata su gane cewa fayil ɗin nan garkuwarsu ce. Mutumin da ya yi shekara ashirin bai taɓa kayar da mota ba, a yau ba shi da abin nunawa sai bakinsa. Da a rubuce yake, da ya nemi ƙarin albashi da hujja, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa, da akwai abin da zai nuna cewa birki ne ya tsinke, ba shi ne ya yi ganganci ba.

Ga ƙungiyoyi kuma, da NARTO ta masu motoci, da NURTW, da reshen direbobin tanka na NUPENG, ina ganin su ne suka fi kowa dacewa da wannan aiki, domin suna da ofis a kowace tasha, suna karɓar kuɗi a kan kowane lodi, sun kuma san kowa da sunansa. Idan za a iya rubuta wanda ya biya kuɗin ƙungiya da wanda bai biya ba, za a iya rubuta wanda lasin ɗinsa ya mutu. Su buɗe rajista ta bai ɗaya, su riƙa gayyato likitocin ido zuwa manyan tashoshi, su hana lodi ga wanda bayanansa ba su cika ba. Ita kuwa hukuma, lokaci ya yi da za ta sauko da wajabcin ajiye bayanan direba zuwa kan mai mota ɗaya, muddin babbar mota ce, ta kuma mayar da hankali kan ofishin mai mota maimakon tsare direba a kan hanya kaɗai, domin yin hakan tamkar barin jaki ne ana dukan taiki. Manyan 'yan kasuwa da masana'antu da ke ba da kwangilar dako su ma su riƙa neman ganin fayil kafin su ba da kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yayana dai yanzu yana da fayil uku a cikin akwatin ƙarfen nan, kusa da takardun motoci. A zagayen farko na gwajin da ya kai direbobinsa, an samu ɗaya da hawan jinin da shi kansa bai san da shi ba, yanzu yana shan magani yana kuma tuƙinsa. Amma matar ɗan acaɓan nan na gefen hanyar Mokwa ba ta amfana da wannan hankali da aka yi bayan ɓarna ba, marayunta ma haka. Ina roƙon duk mai motar da ya karanta wannan, kada ya jira sai an bugo masa waya da asuba. Ya kira direbansa yau, ya karɓi lasin ya duba kwanan watan da ke jiki, sannan ya tambaye shi cikin mutunci yaushe rabon da likita ya duba idonsa.

Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da ke wuyanmu. Amin.